Suga da Ƙoda a Jiki Ɗaya: Yadda Za a Tsara Abincin Mara Lafiya Mataki-Mataki

Tambayar da ta fi yawan zuwa ita ce wannan. Shekara da shekaru ana gaya wa mai ciwon suga ya ci wake, tuwon alkama, ganye da ɗanyen agada. Sai ƙoda ta taɓu, aka miƙo wata takarda mai cewa a rage wake, a yi hankali da ganye, a bar agada. Ta farko ta hana farar shinkafa, ta biyu ta ce ita ta fi sauƙi ga ƙoda. To me mutum zai ci?

Abin da gidaje da yawa ke yi a nan Kaduna shi ne su jera takardun biyu, su soke duk abin da ɗaya daga ciki ta hana. Sai a wayi gari tsoho ba ya cin komai sai kabeji da shayi ba madara, yana ta ramewa, suga na faɗuwa masa cikin dare. Ba haka ake yi ba. Gwajin jini ne ke faɗin wane hani ya hau kan mutum yanzu, wane ne kuma bai kai gare shi ba tukuna. Ga yadda ake bi.

1. Fara da takardar gwaji, ba da kasuwa ba

Kafin a canza komai a tukunya, a nemo sakamakon gwaji na baya-bayan nan. Abu huɗu ake dubawa:

eGFR, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake lissafawa daga kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini. Daga 60 zuwa sama da sauran ƙarfi sosai. Tsakanin 30 da 59 mataki na uku ke nan. Daga 15 zuwa 29 mataki na huɗu. Ƙasa da 15 mataki na biyar, inda ake fara maganar wankin ƙoda.

Fotasiyam, sinadarin da ke shiga jini daga abinci, ƙoda kuma ke fitar da rararsa, wanda a takarda ake rubuta shi da harafin K. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0. Sai fosfaras, shi ma sinadari ne daga abinci da ke taruwa a jini in ƙoda ta yi rauni. Sai kuma gwajin fitsari da ke nuna ko furotin na zuba.

A kai takardar gaban likita a yi masa tambayoyi kai tsaye: wane mataki ne, shin a rage fotasiyam, shin a rage ruwa, nawa ne nauyin da za a yi lissafin nama da shi. A nemi kuma a haɗa ku da sashen masu tsara abincin marasa lafiya. Manyan asibitoci irin su Barau Dikko, asibitin sojoji na 44 da asibitin koyarwa na Shika a Zariya su ne wuraren da ake komawa da irin wannan lalura. Wanda ke da rajistar KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, ko inshorar lafiya ta tarayya ya tambaya ko gwajin na cikin abin da aka ɗauke masa. Ko da aljihunku za ku biya, kuɗin gwajin bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku kowane mako ba.

Gargaɗi: in fotasiyam ya kai 6.0, ba maganar gyaran abinci ba ce, maganar asibiti ce a ranar. Yana iya tsayar da zuciya, kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai kafin hakan.

2. Kayan aiki

Na'urar auna suga, na'urar auna hawan jini, sikelin taka-ka-gani, ƙaramin cokalin shayi da za a ware don gishiri, kofi ɗaya da za a riƙa auna abinci da shi, da littafin rubutu. Kafin ku sayi na'urar suga, ku tabbatar 'yan takardun da ake ɗiga wa jini na irinta ana samunsu a shagunan magani na kusa da ku, don kuɗin yana wajensu ne, ba wajen na'urar ba.

A lura da wace lamba na'urar ke bayarwa. Wata tana nuna 126, wata 7.0, alhali jini ɗaya ne: ƙaramar lambar sau 18 ita ce babbar. Abin da aka saba nema shi ne 80 zuwa 130 kafin karin kumallo, da ƙasa da 180 awa biyu bayan cin abinci, amma ga tsoho mai raunin ƙoda likita kan sassauta.

3. Gishiri: nan takardun biyu suka yi ittifaƙi

Da wannan za a fara, domin babu saɓani a kansa, kuma shi ne ya fi saurin nuna amfani a hawan jini da kumburin ƙafa. Iyakar ita ce giram 5 na gishiri a yini, wato cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba. Kuma wannan ya haɗa da wanda ya riga ya shiga cikin burodi, dunƙulen magi da yaji.

Matsalar a girkinmu ba gishirin da ake gani ba ne. Ɗan dunƙule ɗaya kusan rabinsa gishiri ne, ga shi uwargida na murtsuka biyar ko shida a miya ɗaya, ta ƙara da farin magi. Yajin tsire da na ɗanwake da dunƙule da gishiri ake daka shi. Kilishi, busasshen kifin da aka yi wa gishiri, kifin gwangwani, ledar ɗanɗano ta cikin indomi, duk tafiyarsu ɗaya.

Sai kanwa. Mutane ba sa lissafa ta da gishiri, alhali sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, shi ne kuma abin da ake gudu a gishirin. Tana cikin miyar kuka, tana cikin ɗanyar kuɓewa, tana cikin ɗanwake da wake da shinkafa, har da kunun kanwa. A cire ta daga tukunyar mara lafiya. Wake in ya kwana a jiƙe zai nuna ba tare da ita ba.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a maye gurbin kanwa da ruwan toka: tokar kara fotasiyam ce, wato an gudu daga rami an faɗa rijiya. Kada kuma a sayi gishirin nan na manyan kantuna da ake tallarsa wai na masu hawan jini ne. Yawancinsa an cire sodiyam ne an zuba fotasiyam a madadinsa. Ga mai lafiyayyar ƙoda yana da amfani, ga mai ciwon ƙoda haɗari ne.

Yadda za a yi a aikace: ba sai an ɗora tukunya biyu ba, gawayi da gas sun yi tsada. A dafa miyar gida ba gishiri ba dunƙule, a ɗebi ta Baba a ƙaramin kwano, sannan a gyara ta sauran jama'a. Tasa kuma a ɗaga ta da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, attarugu, 'yar daddawa da matsin lemun tsami. Kwanakin farko zai yi ƙorafi, "wannan ai ruwa kuka ba ni." A daure. Cikin 'yan makonni harshe kan saba, har ya fara jin miyar gidan biki ta yi masa zartsi.

4. Tuwo da shinkafa: awo ya fi nau'i muhimmanci

Nan ne ruɗanin ya fi yawa. Hatsin da ba a surfe ba, irin su alkama da gero, ba ya tayar da suga da sauri kamar surfaffe, amma ya fi shi fosfaras da fotasiyam. Farar shinkafa da tuwon surfaffiyar masara sun fi sauƙi ga ƙoda, amma suna harba suga.

Mafita ba zaɓen gwani ba ne. In fotasiyam da fosfaras na cikin iyaka, babu dalilin hana mutum tuwon dawa, acca ko alkama, don fosfaras na hatsi da wake ba duka jiki ke zuƙa ba, wani kaso mai yawa wucewa yake yi. In kuma sun hau, a karkata ga farar shinkafa da surfaffen hatsi, a riƙe suga ta hanyar rage yawa.

Awon da ya fi sauƙin riƙewa: malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mara lafiyan, ko kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa, ba tulin da ya rufe faranti ba. A raba abincin sau uku a lokuta tsayayyu, kada a tsallake na rana a zo a rama da dare. Rabin farantin ya zama kayan lambun da aka amince da su, kwata tuwo ko shinkafa, kwata nama ko kifi.

Ra'ayina a kan acca: abinci ne mai kyau, ga shi na gida, kudancin jihar nan ake noma shi, amma an zuzuta shi fiye da kima. Sitaci ne. Wanda ya ci malmala uku na tuwon acca suga zai hau. Haka tuwon alkama. Na'ura ce alƙali: a auna awa biyu bayan cin sabon abinci, a rubuta. Bayan mako biyu littafin zai nuna muku abin da ya karɓi jikinsa.

Koko da kunu su ne suka fi saurin tayar da suga, domin an niƙa an tace. In ba zai iya rabuwa da su ba, ƙaramin kofi ba sukari, a haɗa da ƙwai ko ƙosai biyu. Zuma ba mafita ba ce, tana tayar da suga kamar yadda sukari ke yi.

Gargaɗi: garin ɗanyen agada da ake sayarwa da sunan abincin masu suga cike yake da fotasiyam. Wanda ƙodarsa ta yi rauni ya ajiye shi sai likita ya ga takardarsa.

5. Nama, kifi, ƙwai da wake

Mai suga in an rage masa tuwo yakan cike gurbin da nama da wake. Ƙoda mai rauni kuwa yawan furotin na ƙara mata aiki. Ga wanda bai fara wankin ƙoda ba, lissafin da aka saba shi ne giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan giram 48 a yini. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6. Yankan kifi ko kaza mai faɗin tafin hannu, ban da yatsu, wajen giram 20. Tuwo da burodi ma suna kawo nasu. A taƙaice, ƙwai ɗaya da safe, yanka ɗaya matsakaici da rana, ɗan kaɗan da dare, an kusa cika.

Da zarar an fara wankin ƙoda, dokar ta juya. Na'urar na kwashe furotin, don haka ana so ya ƙaru zuwa giram 1.0 har 1.2 a kowane kilo. Kuskuren da aka fi yi shi ne iyali su ci gaba da tsohuwar dokar, suna hana shi nama bayan ya shiga wanki. Farin ƙwai na da amfani sosai a nan: furotin mai kyau, fosfaras kaɗan.

Wake ba haramun ba ne. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a sake zubarwa, sannan a ƙarasa. Rabin kofi, a matsayin naman wannan lokacin, ba ƙari a kansa ba. Ɗanyen kifi ya fi busasshe. Hanta, ƙoda da sauran kayan ciki a rage su sosai.

6. Ganye da 'ya'yan itace: sai in fotasiyam ya hau

In K na tsakanin 3.5 da 5.0, kada a hana mutum ganye don kawai an ji sunan ƙoda. Rashin ganye na kawo taurin bayan gida, shi kuma yana ƙara tara fotasiyam, domin hanji na taya ƙoda fitar da shi.

In ya haura 5.0, ga waɗanda za a fara ragewa: ayaba, agada, dabino, fiya, ruwan kwakwa, matsattsen lemu, dankalin Turawa da na Hausa, doya, tumatirin gwangwani, alayyafo, zogale, gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Miyar taushe ta haɗa uku a tukunya ɗaya, kabewa da alayyafo da gyaɗa, don haka ita ce ta farko da za ta tafi hutu. Kwaɗon zogale da ƙuli na biye da ita. Waɗanda suka fi sauƙi: kabeji, kokwamba, latas, albasa, koren tattasai, gauta, tuffa, da yanka ɗaya na abarba ko kankana. Yawancinsu a kasuwar Bakin Dogo ko ta unguwa za a same su, ba sai an je babban kanti ba.

Doya da dankali ana iya rage musu ƙarfi. A fere, a yanka ƙanana sirara, a zuba a ruwa mai yawa wanda ya sha kansu sosai, a tafasa, a zubar da ruwan, a zuba sabo a ƙarasa, shi ma a zubar. Jiƙawa kaɗai ba ta cire abin kirki, tafasawar ce ke aiki. Suya ko gashi ba tare da an tafasa ba ba ya cire komai. Ganye ma haka, a tafasa a tsiyaye kafin a sa a miya. Miyar dage-dage kuma a rage mata tumatir, a ƙara albasa da tattasai.

Gargaɗi: tafasawa ta rage fotasiyam ne, ba ta rage sitaci ba. Doyar nan har yanzu a awon tuwo take.

7. Abin sha

Baƙin lemon kwalba laifi biyu gare shi, sukari da fosfaras ɗin da aka zuba masa, wanda jiki ke zuƙe kusan dukkansa. Wanda aka rubuta ba sukari ma fosfaras ɗin na nan. Madara da nono suna da fosfaras da fotasiyam, a tsaya a rabin kofi a yini in an ce ya hau. Fura da nono da sukari ta haɗa komai, ta zama ta marmari, 'yar kaɗan.

Akwai al'adar haɗa lemon malt da madarar gwangwani wai don ƙarin jini. Ƙarancin jinin mai ciwon ƙoda yawanci daga ƙodar ne, domin ita ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini. Maganinsa allura ce da ƙwayar ƙarin jini daga asibiti. Wancan haɗin suga kawai zai harba. In an rubuta ƙwayar kama fosfaras, tare da loma ake shanta, ba bayan awa biyu ba.

8. Ruwa

Ba kowane mai ciwon ƙoda ake rage wa ruwa ba. A matakan farko, musamman a zafin Maris da Afrilu, ƙishirwa ce ke cutar da ƙoda. Ana ragewa ne in fitsari ya ragu, jiki na kumbura, ko an shiga wanki. Lissafin da aka saba ba masu wanki shi ne yawan fitsarin jiya a ƙara rabin lita, wato leda ɗaya ta fiya wata. A auna na yini a gora ɗaya da safe. Shayi, koko, farfesu da ruwan shan magani duk daga cikinta za a cire. Yawan gishiri da hawan suga su ne ke kawo ƙishi, in an riƙe su gorar za ta isa. A hau sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo biyu cikin kwana biyu ko uku, ko numfashi ya gagara in an kwanta, ruwa ne ya taru, a tafi asibiti.

9. In suga ya faɗi

Wannan ne abin da iyalai ba sa tsammani. Ƙoda na cikin masu fitar da insulin daga jiki. In ta yi rauni, allurar insulin da wasu ƙwayoyin suga irin su glibenclamide sukan daɗe suna aiki, ga shi an rage abinci. Sai ka ji ana murna wai "sugan Hajiya ya warke." Bai warke ba, a gaya wa likita ya sake duba yawan maganin.

Alamomi: rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, faɗuwar gaba, ruɗewa. Ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, a narka cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ɗan ruwa a ba shi, a jira minti 15, a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita. In ya hau a ba shi abinci. Farin sukari ake so a nan, ba matsattsen lemu, dabino ko baƙin lemo ba. A ajiye shi a gefen gado da cikin aljihu.

Gargaɗi: wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe, a garzaya asibiti.

10. Magani, azumi da gidan biki

Metformin, maganin suga, akan rage shi in eGFR ya sauka ƙasa da 45, a dakatar in ya sauka ƙasa da 30, amma likita ne zai yi, ba ku ba. Lisinopril da losartan, magungunan hawan jini, suna kare ƙoda, suna kuma ɗaga fotasiyam. In K ya hau ba a jefar da su, a koma wurin wanda ya rubuta. Magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis, a guje su. Haka jiƙe-jiƙe da garin magani na mota mai lasifika, komai daɗin bakin mai tallar, da ruwan shuwaka ko garin zogale da ake sha cokali-cokali.

Azumi: mai suga da ke mataki na huɗu ko na biyar, ko mai wanki, yana cikin waɗanda likitoci ke ba shawarar kada su yi, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Wanda ke matakin farko ya ga likita tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, a gyara lokutan magani. Buɗe-baki da dabino bakwai, kunun gyaɗa, soyayyen dankali da zoɓo mai sukari tarin duk abin da aka lissafa a sama ne a tire ɗaya. Dabino ɗaya in K na daidai, ruwa, sannan abinci na awo.

Gidan biki kuwa, a ci a gida kafin a fita. In an matsa, "Alhaji ko loma ɗaya," a karɓi farar shinkafa kaɗan da yankan nama ɗaya, a bar miyar da lemon.

Duk ranar komawa asibiti a tafi da littafin, da dukkan magungunan a ledarsu har da waɗanda aka saya a kemis, da wadda ke yin girkin, don ita ce za ta iya faɗin dunƙule nawa ke shiga miya. In sabon gwaji ya nuna K ya sauko, a tambayi wane abinci za a fara dawo da shi, a dawo da ɗaya-ɗaya, a sake gwaji a ranar da likita ya sa.